Daga Wuri Zuwa Na'ura: Waiwaye Kan Jefa Ƙwaya a Wasa

Duk wanda ya ratsa Zangon Agege da la'asar sakaliya, da wuya ya rasa ganin samari sun kewaye allon lido, ana kaɗa ƙwaya cikin ɗan gwangwani. Wannan zango dai fataken goro ne suka raya shi, musamman bayan da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912. Hausawa kuwa duk inda suka yada zango da wasanninsu suke tafe. Akwai dara, mai gurbi 30, wadda ba ruwanta da sa'a sai dabara. Akwai kuma caca da wuri, inda akan watsa shi a ƙirga nawa suka kife, nawa suka yi rigingine, abin da malamai suka daɗe suna tir da shi.

Abin mamaki, shi kansa lido jikan wuri ne. Asalinsa wasan pachisi na Indiya, wanda da wuri ake jefa shi, kafin a yi masa rajista a Ingila a 1896, ƙwaya mai fuska shida ta gaje gurbin wuri.

A 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson na Amurka suka aurar da ƙwaya ga tatsuniya a wasan Dungeons & Dragons. Kowane ɗan wasa yakan ɗauki matsayin wani gwarzo, ya rubuta ƙarfinsa da wayonsa da makamansa a takarda da alƙaluma. Mai ba da labari ya shimfiɗa matsala, ƙwaya mai fuska 20 ta yanke hukunci. A ganina, shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne gare mu: a kalankuwa samari kan zama sarki da alƙali, a wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki. Sai dai mu ba mu rubuta siffofin ba, domin 'yan kallo sun riga sun san su.

Da dandalin Roll20 ya bayyana a 2012, takardar ta koma allon kwamfuta. Ɗan wasa kan tsara tasa, ya adana gajeren umarni wanda da latsawa ɗaya zai jefa ƙwaya, ya haɗa da makin gwarzon, ya nuna wa kowa sakamako. Ta haka ɗan Agege zai iya wasa da ɗan Fagge ba tare da sun haɗu ba. Amma fa an rasa gardamar nan ta bakin allo, ta cewa wane ya murɗa hannu wajen jifa, wadda sau da yawa ita ke tara 'yan kallo.