Farfelar Ƙaramin Jirgi Da Takardar Da Ke Bayanta



Duk wanda ya yi noman shinkafa a fadamun Argungu ko Augie ya san ƙarar ƙaramin jirgin nan da kan taso daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa idan jan-baki suka addabi gonaki. Yakan bi ƙasa-ƙasa ya yi feshi a makwancin tsuntsayen. Mukan ɗaga kai mu bi shi da kallo, amma da wuya mu kula da farfelar da ke juyawa a hancinsa. Mai irin wannan jirgi, ko da kuɗinsa ya saye shi, ba shi da ikon kwance farfelar ya ɗaura wata irin da ya ga ta fi, sai hukuma ta yarda a rubuce. Yadda aka kai ga wannan doka shi ne tarihinmu na yau.

A ranar 17 ga Disamba 1903 Wilbur da Orville Wright suka tashi da jirginsu a Kitty Hawk ta Amurka. Da kansu suka sassaƙa farfelu biyu na katako, kowace tsawonta kamar ƙafa takwas da rabi. Sun gane cewa farfela fiffike ce mai juyawa: yadda fiffiken jirgi ke ɗaga shi sama, haka ita take jan shi gaba. A lokacin babu wata hukuma da za su nemi izininta.

Da irin wannan farfela ta katako jirage suka fara zuwa mana. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka sauka Kano a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, bayan sun taso daga Masar sun ratso Sudan da Chadi. Matsalar farfelar katako ita ce karkatarta ɗaya ce tak, kamar mota mai giya ɗaya. Idan ta dace da tashi ba za ta dace da gudu a sama ba. A farkon shekarun 1930 kamfanin Hamilton Standard ya fito da farfelar ƙarfe wadda ake sauya karkatar fukafukanta ana cikin tafiya, har injiniyansa Frank Caldwell da kamfanin suka samu kyautar Collier ta 1933. Daga nan masu ƙananan jirage suka fara kwaɗayin sauya tsohuwa da sabuwa.

Mu da muke zaune a ƙasar zafi ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan kwaɗayi. A watan Afrilu, idan zafin Birnin Kebbi ya haura digiri 40, iska takan yi sakayau, inji ya rage ƙarfi, farfela ta rasa abin kamawa, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Farfela mai fukafukai uku ko mai sauya karkata tana iya taimakawa wajen hawa, ta kuma rage ƙara.

To amma haɗarin yana nan. Injin ƙaramin jirgi kan juya farfela har sau 2,700 a minti ɗaya, kuma ƙarfin da ke fizgar kowane fiffike daga gindinsa yakan haura tan goma. Kowane inji yana da irin girgizarsa. Idan ta yi karo da ta farfelar da ba a gwada su tare ba, ƙarfe yakan gaji a ɓoye har ya tsage. Fiffike ɗaya ya ɓalle a sama, girgizar tana iya tumɓuke injin gaba ɗaya. Ko nauyin sabuwar farfela kaɗai yana sauya daidaiton jirgin, tunda can ƙarshen hanci take.

Shi ya sa bayan yarjejeniyar Chicago ta 7 ga Disamba 1944, wadda ta haifar da hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, aka tafi a kan cewa ƙasar da aka tsara jirgi ita ke shaidar ƙirarsa, ƙasar da aka yi masa rajista kuma ita ke kula da lafiyarsa. A Amurka, wanda ya ƙirƙiro sauyi babba kamar sabuwar farfela sai ya gwada ta a kan ainihin irin jirgin da injin, sannan hukumar FAA ta ba shi takardar ƙarin shaida da ake kira STC.

Najeriya ta shiga ICAO a 1960, aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya a 1964. Hukumar NCAA kuwa doka mai lamba 49 ta 1999 ce ta kafa ta, ta fara aiki a Janairun 2000. Ba mu manta da 2005 da 2006 ba: Bellview, Sosoliso, sai ADC na ranar 29 ga Oktoba 2006 da ya faɗi a Abuja kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, inda muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah Ya jiƙansa. Manyan jirage ne waɗannan, ba farfela ce ta kayar da su ba, amma a ƙarshen 2006 ɗin aka sa hannu kan dokar da ta ƙara wa NCAA cin gashin kai, kuma ikon nata ya haɗa har da ƙananan jirage.

A yau mai jirgin da ke ɗauke da lambar 5N, idan yana son sauya irin farfelarsa, sai ya gabatar da shaidar da ƙasar ƙira ta amince da ita. Gareji mai lasisi ne zai yi aikin, a sake lissafin nauyi da daidaito, a gyara littafin matuƙi, injiniya mai lasisi ya sa hannu. Wannan bai hana cigaba ba. A Kaduna aka harhaɗa jiragen Air Beetle guda 60 domin sojan sama, daga ƙirar RV-6A ta Amurka. Zariya ma ta karɓi jiragen Diamond masu shan man manyan jirage, kuma farfelarsu ta kamfanin MT na Jamus katako ce a ciki, an lulluɓe ta da zare mai ƙarfi. An koma gidan jiya, amma da gwaji da sa hannu.

Mu mutanen dabara ne. Makanikinmu yakan ta da injin ban-ruwa da ya mutu da abin da ya tsinta a kasuwa, kuma muna alfahari da shi. Sai dai akwai wasu farfelu a jiharmu, na kwale-kwalen da ke kai da kawo a Yawuri da Ngaski. A ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Warrah, ƙalilan ne suka tsira. Hukumar NIWA tana nan, dokokinta suna nan. Kafin mu hau, wa ya taɓa tambayar mai jirgin ko mutum nawa aka yarda ya ɗauka, yaushe aka duba katakon, wa ya amince da injin da ya ɗaura? Jirgin feshi mai ɗaukar mutum ɗaya yana da littafin da ke amsa irin waɗannan tambayoyi. Wanda ke ɗaukar iyayenmu mata zuwa kasuwa ya fi cancantar samun nasa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kiyaye matafiyanmu a sama da ruwa da ƙasa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.