Harsashi a Ciki: Ɗinki ko Jaka?

Jama'a, tunda harbin bindiga ya zama labarin yau da kullum a Batsari, Jibiya da Safana, mutane da yawa a Katsina sun fara ganin abin da ba su saba gani ba: an yi wa mutum tiyata, ya farka da jaka manne a gefen cikinsa, bayan gida na fita ta nan. Sai 'yan uwa su hau zargin likita. To abin nan yana da tarihi.

Babban hanji cike yake da ƙwayoyin cuta. Idan harsashi ko wuƙa ta huda shi, ƙazanta ta zuba cikin ciki, ruɓa ce ke kashe mutum. A Yaƙin Duniya na Ɗaya likitoci suna ɗinke ramin su rufe ciki, amma fiye da rabin masu irin raunin sun mutu. A Yaƙi na Biyu, likitan sojan Ingila W. H. Ogilvie, bayan abin da ya gani a fagen daga na Arewacin Afirka, ya ce a daina: a fito da hanjin waje. A 1943 rundunar Amurka ta mayar da haka doka. Mace-mace sun ragu sosai, kodayake ni ina ganin ƙarin jini, maganin ƙwayoyin cuta da saurin kwashe masu rauni sun taimaka ƙwarai.

Sojojin likitoci suka koma gida da dokar, aka yi ta bin ta shekara da shekaru. Sai 1979, Stone da Fabian a birnin Atlanta suka gwada hanyoyin biyu, suka nuna ɗinki kai tsaye ya fi sauƙin matsala. Yau shi ne aka fi yi.

Amma ku lura da waɗanda suka cire daga gwajin: wanda jininsa ya zuba da yawa, wanda ƙazanta ta cika masa ciki, da wanda ya wuce awa 8 kafin tiyata. Wannan fa shi ne mutuminmu. An harbe shi da tsakar dare, babu mai iya fitowa hanya sai gari ya waye, a ɗauko shi a babur, a nemi jini, kafin ya isa Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina. Likitan da ya buɗe irin wannan cikin, sau da yawa jakar ce za ta ceci ran. Yawanci ta wucin gadi ce, bayan 'yan watanni ake mayar da hanjin ciki.