Kyamara mai madubi ko marar madubi: wace ta dace da mai koyo?

Idan kuna son koyon ɗaukar hoto, don sana'a ko don sha'awa, za ku tarar da manyan kyamarori iri biyu a kasuwa. Dukansu ana iya cire gilashin gabansu a sa wani. Abin da ya raba su shi ne madubi.

Yadda suke aiki

Kyamara mai madubi, wadda ake kira DSLR, tana da ƙaramin madubi a cikinta. Haske yana shiga ta gilashi, madubin ya tura shi sama zuwa tagar leƙe. Abin da kuke gani, da idonku kuke ganinsa. Da kun danna, madubin ya ɗaga, haske ya faɗa kan farantin da ke kama hoto.

A kyamara marar madubi, haske yana zuwa kan farantin kai tsaye. Tagar leƙenta ƙaramin allo ne. Yana nuna muku haske ko duhun hoton tun kafin ku danna. Wannan babban taimako ne ga mai koyo.

Kyawun hoto bai dogara da madubi ba. Ya dogara da faranti, da gilashi, da hannun mai ɗauka.

Inda kasuwa ta nufa

Kamfanin Panasonic na Japan ya fitar da Lumix G1 a shekarar 2008, ita ce ta buɗe hanyar marasa madubi. A 2018 Canon da Nikon suka fito da manyan nasu. Yanzu kusan duk sabbin kyamarorinsu da gilasansu na wannan iri ne. Saboda haka masu madubi na hannu sun yi yawa, kuma sun yi sauƙin kuɗi.

Abubuwa huɗu da za ku auna

1. Wutar lantarki. Mai madubi ba ta cin batir sosai, domin tagar leƙenta ba ta buƙatar wuta. Nikon D3500 tana iya ɗaukar hoto wajen 1,500 da caji ɗaya. Ƙananan marasa madubi da yawa ba sa wuce 300 zuwa 400. Idan wuta ba ta zama a garinku, ku lura da wannan.

2. Ƙura. Idan aka cire gilashin marar madubi, sau da yawa farantin yana fili. Lokacin hunturu, kada ku canza gilashi a waje. Ku shiga ɗaki, ku juya bakin kyamara ƙasa.

3. Nauyi. Marar madubi ta fi ƙanƙanta. Wanda zai yini a tsaye wurin biki ko suna zai ji bambanci.

4. Bidiyo. Marar madubi ta fi iya bin fuskar mutum yana motsi.

Idan ta hannu za ku saya

Ku tambayi yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, domin ƙyauren da ke buɗe wa haske yana tsufa. Ku ɗauki hoton farin bango, ku duba ko akwai ɗigo. Ku tabbata ana samun batirinta da mai gyaranta kusa da ku.

Shawara

Idan jarinku kaɗan ne, kuma wuta tana wuya, ku fara da mai madubi ta hannu mai lafiya. Gilasanta ba za su zama asara ba: da zoben haɗi, na Canon da yawancin na Nikon suna hawa sabbin marasa madubi na kamfaninsu. Idan kuna da hali, kuma bidiyo na cikin aikinku, ku ɗauki marar madubi tare da batir na biyu. Kowace kuka zaɓa, kada ku zuba kuɗinku duka a kanta. Ku rage na gilashi mai kyau, da kati, da jaka.