Yadda Aka Fara Gano Nakasar Zuciyar Jariri Tun Yana Ciki

Nakasar zuciya ta haihuwa, wato tangarɗar da kan auku yayin ginuwar zuciyar ɗan tayi a makonni 8 na farkon ciki, ita ce nakasar da aka fi samu ga jarirai, domin kusan 8 cikin kowane 1,000 da ake haifa suna zuwa da wani nau'inta, daga ɗan huji a bangon da ya raba ɗakunan zuciya, wanda sau da yawa kan toshe da kansa, zuwa lalurar da kan ɗauke jariri kafin ranar suna. A yau ana iya sanar da mai ciki wannan labari watanni kafin ta haihu, amma sanarwar ba ta zama mai amfani ba sai da likitocin fiɗa suka samo abin da za su yi wa jaririn idan ya iso.

Sanin farko daga gawa aka samo shi. A 1888 likitan Faransa Étienne-Louis Fallot ya bayyana nakasu 4 da kan haɗu a zuciya guda su hana jini isa huhu yadda ya kamata, har leɓɓa da faratan yaro su koma shuɗi saboda ƙarancin iskar oksijin, kuma a 1936 Maude Abbott ta Kanada ta wallafa kundin da ta gina a kan nazarin zukata 1,000. Babu wanda ya warke da wannan ilimi a lokacin, domin taɓa zuciya da wuƙa abu ne da likitoci ke ɗauka a matsayin ganganci.

Ƙofar ta buɗe ne ta wata 'yar jijiya da ke haɗa babbar jijiyar jiki da ta huhu. Ɗan tayi ba ya numfashi, daga mabiyiya yake samun oksijin, don haka wannan jijiya take karkatar da jini daga huhunsa, sannan ta rufe da kanta cikin kwanakin farko bayan haihuwa. A 1938 Robert Gross ya ɗaure irinta da ta ƙi rufewa a jikin wata yarinya 'yar shekara 7 a Boston. Ita kuwa Helen Taussig, likitar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, wadda raunin ji ya sa ta saba karanta bugun zuciya da yatsunta, ta lura cewa masu lalurar Fallot sun fi samun sauƙi muddin jijiyar tana buɗe, sai ta kawo shawarar a ƙirƙira musu makamanciyarta. Likitan fiɗa Alfred Blalock ya karɓi shawarar, amma wanda ya yi ta gwada aikin a jikin karnuka har hannu ya faɗa shi ne Vivien Thomas, baƙar fata, tsohon kafinta da talauci ya hana shiga makarantar likitanci. Ranar 29 ga Nuwamba 1944, lokacin da Blalock ya yi wa wata yarinya 'yar wata 15 aikin, Thomas na tsaye a bayansa yana nuna masa inda zai sa allura. Duk da haka babu sunansa a rahoton da aka buga a 1945, kuma sai a 1976 jami'ar Johns Hopkins ta ba shi digirin girmamawa, jinkirin da wariyar launin fata ke iya bayyana shi.

Daga nan abubuwa suka yi sauri: a 1953 John Gibbon ya toshe hujin zuciya da taimakon injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, a 1975 kuma Adib Jatene na Birazil ya gyara manyan jijiyoyin da suka fito a musaye.

Leƙa cikin mahaifa ya biyo baya. Ian Donald na Gilasgo ya nuna a 1958 cewa sautin da kunne ba ya ji zai iya zana hoton abin da ke cikin ciki, kuma wajen 1980 Lindsey Allan a Landan da Charles Kleinman a Amurka suka nuna cewa da na'urar da ke amfani da wannan sauti ana iya tantance ɗakuna 4 na zuciyar ɗan tayi, abin da yanzu ake dubawa a hoton ciki tsakanin mako na 18 da na 22. Amfaninsa mafi girma shi ne zaɓen wurin haihuwa, domin ɗan tayi mai mummunar nakasa yakan zauna lafiya a ciki, haɗarin kan taso ne lokacin da waccan jijiya mai karkatar da jini daga huhu ta fara rufewa, kuma tun shekarun 1970 akwai maganin purostagilandin da ke riƙe ta a buɗe har a kai ga tiyata, idan an haihu inda ake da shi.

A Najeriya an yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a asibitin koyarwa na Enugu a 1974, inda Fabian Udekwu ya yi aiki tare da Magdi Yacoub. Tun daga lokacin na'urar hoton ciki ta bazu har ƙananan asibitoci, alhali cibiyoyin da ke yi wa jarirai tiyatar zuciya ba su da yawa, shi ya sa iyalai da dama suka riƙa neman kuɗin tafiya Indiya bayan an gano lalurar.