Anbariyya: Tashar Jirgin Ƙasan Madina da Ta Zama Gidan Tarihi

Motocin da ke kai alhazai ziyara a Madina sun san hanyarsu kamar yunwar cikinsu: Masallacin Ƙuba, Dutsen Uhudu, Ƙiblataini, sannan a yada zango a gonar dabino kowa ya yi tsaraba. Da wuya ka ga direba ya tsaya a Anbariyya. Alhali unguwar ba ta fi kimanin kilomita guda ba daga Masallacin Annabi (SAW), ta kudu maso yamma, kuma a can ne wani dogon bene na baƙin dutse yake tsaye, da jerin ƙofofi masu bakan gizo a gabansa. Wannan ita ce tsohuwar tashar jirgin ƙasan Hijaz, inda layin dogon da ya taso tun daga Dimashƙu ya tuƙe.

Anbariyya ta girmi tashar nesa ba kusa ba. Zamanin da Madina ke da ganuwa, ta ƙofar Anbariyya ake shigowa idan an fito daga Makka ko daga gaɓar teku ta Yanbu. Alhazan ƙasar Hausa na da, waɗanda suka keta Barno da Wadai da Darfur a ƙafa, suka haye Bahar Maliya daga Sawakin, ta wannan nahiyar suke tunkarar birnin. A cikin harabar tashar ma akwai wani ɗan ƙaramin masallaci mai ƙubbobi, Masallacin Suƙya, wurin da malaman sira suka ce Manzon Allah (SAW) ya tsaya ya duba rundunarsa a kan hanyar Badar, ya kuma yi wa mutanen Madina addu'ar albarka.

Mai wannan aiki shi ne Sarki Abdulhamid na Biyu na Daular Usmaniyya, wato ta Turkawa ba ta Sakkwato ba, wanda tsofaffin Hausawa ke kira Sarkin Santambul. An ɗora harsashin layin ranar 1 ga Satumban 1900. Dalilin da aka shelanta wa duniya shi ne sauƙaƙa wa mahajjata, kuma gaskiya ne: ayarin Sham yakan kwashe kwana arba'in a kan raƙuma kafin ya iso Madina, ga ƙishirwa, ga annoba, ga 'yan tare hanya. Amma akwai wani dalilin da ba a ɗaga murya a kansa. Sarkin yana son hanyar kai soja Hijaz cikin gaggawa ba tare da ya bi ta mashigin Suwez ba, wanda ke hannun Ingilishi, yana kuma son Musulmin duniya su gani da idonsu cewa halifa na nan da ƙarfinsa.

Yadda aka tara kuɗin shi ne abin da ya fi burgewa. Daular na fama da bashin Turawa har wuya, amma aka ƙi cin bashin waje saboda wannan aiki. Aka buɗe asusun taimako, gudummawa ta riƙa zuwa daga Indiya da Masar da sauran ƙasashen Musulmi, ana ba wanda ya bayar lambar yabo. Aka yanki wani abu daga albashin ma'aikata, aka fito da kan sarki na musamman, har fatun layya aka riƙa tarawa ana sayarwa ana zubawa a asusun, abin da ba zai zama baƙo ga mai karatu a Kano ko Maraɗi ba. Shi ya sa aka ɗauki layin a matsayin waƙafin al'umma.

Babban injiniyan aikin Bajamushe ne, Heinrich Meissner, amma ƙarfin aikin sojojin daular ne suka yi shi, dubbansu, cikin zafin da ke narka mutum. Layin ya isa Ma'an a 1904, Tabuka a 1906, Al'ula a 1907. Daga nan aka sallami waɗanda ba Musulmi ba, injiniyoyi Musulmi suka ƙarasa ragowar zuwa Madina. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 1,300, faɗin tsakanin ƙarafunansa kuwa santimita 105. Tashoshin da ke cikin hamada an gina su kamar ƙananan sansanoni, da tankin ruwa da kafofin harbi, don an san ba kowa ke maraba da jirgin ba. Turkawa har yau suna ba da labarin cewa da aka kusato birnin, Sarki ya sa an shimfiɗa wani abu mai taushi ƙarƙashin ƙarafunan don kada ƙarar jirgi ta dami makwancin Manzo.

An yi bikin buɗe tashar ranar 1 ga Satumban 1908, shekara takwas cif da farawa, kuma shekara uku kafin jirgin ƙasa ya fara shiga Kano a 1911. Tafiyar kwana arba'in ta dawo ƙasa da mako guda. Gab da tashar aka gina Masallacin Anbariyya da irin wannan baƙin dutsen, mai siraran hasumiyoyi biyu irin na Santambul, kuma a wannan zamanin ne wutar lantarki ta fara haska Masallacin Annabi. Madina ta cika ta batse. Fatake daga Sham suka kawo haja, malamai da ɗalibai suka ƙaru, masu gudun mulkin Turawa daga ƙasashe daban-daban suka zo suka zauna. Cikin waɗanda suka yi makwabtaka da Manzo a waɗannan shekarun akwai Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Shehu Umaru Futi, wanda ya yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, ya zama madogarar mutanen Afirka ta Yamma a birnin har rasuwarsa a 1931.

Niyyar ita ce layin ya zarce Makka. Bai zarce ba. Ƙabilun da ke cin abinci da hayar raƙuma tsakanin biranen biyu sun ga jirgin zai kashe musu kasuwa, Sharif Husaini na Makka bai son sojan Turkawa su iso ƙofar gidansa cikin 'yan kwanaki, shi kuma Abdulhamid aka tuɓe shi a 1909.

Shekara takwas kacal tashar ta yi cikin kwanciyar hankali. A watan Yunin 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Sharif Husaini ya yi wa Turkawa bore da goyon bayan Ingilishi, 'ya'yansa suka yi wa Madina ƙawanya. Mayaƙan Larabawa tare da hafsoshin Ingila irin su T. E. Lawrence suka riƙa dasa nakiya a kan layin, suna karya gadoji, suna kifar da jirage. Kwamandan Turkawa a Madina, Fakhri Pasha, ya rantse ba zai miƙa birnin ba. Da abinci ya yi ƙaranci, sai ya yanke shawarar rage bakunan da ke ci. Aka riƙa loda mutanen gari a taragu ana tura su Sham da wasu wurare, da yawa ba da son ransu ba, har aka raba wasu da iyalansu. Mutanen Madina suna kiran wannan lokaci Safar Barlik, kuma jikokin waɗanda abin ya shafa ba su manta ba. Ta wannan dandamalin da aka tarbi baƙi da murna a 1908, ta nan aka kwashe 'yan gari suna kuka, birnin ya kusa zama kufai.

Ta nan kuma, a 1917, Fakhri Pasha ya aika da kayayyaki masu daraja na ɗakin Manzo zuwa Santambul, inda suke ajiye a fadar Topkapi har yau. Turkawa na cewa ceto su ya yi, wasu Larabawa na cewa kwashe su ya yi, kuma gardamar ba ta mutu ba. Sojojinsa sun kai ga cin fara don yunwa. An tsagaita wuta a ƙarshen Oktoban 1918, amma shi bai sauka ba sai a Janairun 1919, bayan hafsoshinsa sun juya masa baya.

Daga nan layin bai sake miƙewa ba. An ɗan lallaɓa shi na wasu shekaru, sannan jirgi ya daina zuwa Madina ɗungurungum tun kafin birnin ya shiga hannun Sarki Abdul'aziz na Saudiyya a ƙarshen 1925. Sabbin iyakoki sun datsa hanyar gida-gida. A shekarun 1960 Saudiyya da Jodan da Siriya sun haɗa kai don farfaɗo da ita, har an fara aiki, sai yaƙin 1967 ya watsa shirin. Kawunan jirgi suka yi ta tsatsa a harabar Anbariyya, ƙura ta rufe taragu.

Abin mamakin shi ne ginin ya tsira. Faɗaɗa Masallacin Annabi da gina manyan otal-otal sun haɗiye ganuwar Madina da tsofaffin unguwanninta, har da ita ƙofar Anbariyyar. Ko a 2005 an rushe gadar jirgin da ke kan kwarin Aƙiƙ, abin da ya ɓata wa masana tarihin birnin rai ƙwarai. Tashar kuwa sai aka gyara ta, kuma hukuma ta yi daidai da ta zaɓi gyara a kan rusau, domin kaɗan ne suka rage cikin gine-ginen da za su nuna wa yaron Madina yadda garin kakanninsa yake. A 2006 aka buɗe gidan tarihin layin Hijaz a tsohon loko, wato rumfar gyaran jirage, aka jera kawunan jirgi da taragu, wasu ma daga tashoshin hamada aka ɗauko su. Babban benen kuma ya zama gidan tarihin Madina, inda ɗakunan da aka taɓa sayar da tikiti da jiran jirgi suke ɗauke da rubuce-rubucen kan dutse, da tsofaffin kuɗaɗe, da littattafan hannu, da hotunan birnin lokacin yana da ganuwa. A 2015 Saudiyya ta sa layin cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Jirgin da Abdulhamid ya yi burin gani tsakanin Madina da Makka sai a 2018 ya samu, shekara 110 bayan buɗe Anbariyya. Shi ne jirgin Haramaini mai aiki da lantarki, wanda ke gudun kilomita 300 a awa, yana cinye tafiyar kilomita 450 cikin awa biyu da 'yan kai, ta Jidda. Tasharsa tana can gabashin gari, nesa da tsohuwar. A Anbariyya kuma an tayar da ɗaya daga cikin tsofaffin kawunan jirgin har yana iya motsawa, a kan ɗan guntun layin da ya rage cikin harabar.