Aikin Lauya Da Aikin Bankin Zuba Jari: Bambancinsu A Albashi, Lokutan Aiki Da Yanayin Rayuwa

Aikin lauya da aikin bankin zuba jari na daga cikin sana'o'in da ɗalibai masu hazaƙa da iyayensu ke yawan ɗorawa a sikeli idan lokacin zaɓen fannin karatu ya zo. Dukkansu suna da martaba, kuma ana danganta su da kuɗi. Sai dai wanda ya dubi manyan da suka yi fice kawai zai iya yanke hukunci a kan kuskure, domin hanyar shiga, lokacin da riba ke fara zuwa, da abin da mutum ke sadaukarwa sun sha bamban.

Mene ne aikin kowannensu?

Aikin lauya sananne ne: yana tsaya wa mutum ko kamfani a kotu, yana rubuta yarjejeniya, yana bayar da shawara a kan doka. A Najeriya lauya ɗaya na da izinin yin duka waɗannan, saɓanin Ingila inda aka raba aikin gida biyu.

Bankin zuba jari kuwa ya bambanta da bankin da jama'a suka saba ajiya da cirar kuɗi a cikinsa. Aikinsa shi ne taimaka wa kamfanoni da gwamnatoci su tara jari ta hanyar sayar da hannun jari ko takardun lamuni, da bayar da shawara idan wani kamfani zai sayi wani ko za su haɗe. Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, SEC, ce ke yi wa masu wannan aiki rajista. Daga cikin sanannunsu a Najeriya akwai Stanbic IBTC Capital, Chapel Hill Denham, United Capital da Vetiva.

Sau da yawa sana'o'in biyu kan haɗu a teburi ɗaya. Alal misali, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017, masana harkar kuɗi ne suka tsara cinikin suka nemo masu saye, lauyoyi kuma suka rubuta takardun da ya tsayu a kansu.

Hanyar shiga

Hanyar zama lauya a Najeriya a shimfiɗe take, amma doguwa ce. Ɗalibi kan yi shekara biyar a jami'a, sannan shekara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1962. Hedikwatarta na Bwari a Abuja, kuma tana da rassa a Legas, Bagauda ta Jihar Kano, Enugu, Yola, Yenagoa da Fatakwal. Wanda ya ci jarrabawa ne ake rantsarwa, a sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Idan aka ƙara shekarar yi wa ƙasa hidima, shekara bakwai ke nan, in ba a samu yajin aiki ba.

Bankin zuba jari ba shi da kwas guda da aka wajabta. Ana ɗaukar waɗanda suka karanta tattalin arziki, akanta, lissafi, injiniya, har ma da shari'a. Digiri na shekara huɗu na iya wadatarwa, ko da yake da yawa kan ƙara da jarrabawar ƙwararru irin ta CFA mai matakai uku, ko ta ICAN. Matsalar ita ce ƙofar ƙunci gare ta. Kamfanonin kaɗan ne, suna ɗaukar mutane ƙalilan a shekara, kuma kusan dukkansu a Legas suke.

Albashi

Alƙaluman da suka fi fitowa fili su ne na Amurka da Ingila, inda manyan kamfanoni ke bayyana abin da suke biya. A farkon 2024, manyan ofisoshin lauyoyi na New York sun kai albashin sabon lauya dala 225,000 a shekara. A Landan, fitattun ofisoshi sun kai albashin lauyan da ya kammala horo fam 150,000 a 2024. A ɓangaren banki, Goldman Sachs ya ɗaga albashin sabon ma'aikaci mai nazarin alƙaluma zuwa dala 110,000 a 2021, ban da garaɓasar ƙarshen shekara.

Waɗannan alƙaluma na buƙatar fashin baƙi. Lauyan Amurka sai ya yi ƙarin shekara uku bayan digirin farko, sau da yawa da bashin karatu a wuyansa, yayin da takwaransa na banki ya riga ya shekara uku yana karɓar albashi. Haka kuma, lauyoyin da ke samun wancan albashi 'yan tsiraru ne. Mafi yawansu na aiki ne a ƙananan ofisoshi ko ma'aikatun gwamnati, inda abin da ake biya bai kai rabin haka ba.

A Najeriya ma haka lamarin yake, har ma tazarar ta fi faɗi. Manyan ofisoshin da ke yi wa kamfanonin mai, bankuna da kamfanonin sadarwa aiki, irin su Aluko & Oyebode, Banwo & Ighodalo da Templars, suna biyan albashi mai kauri. Amma akasarin sababbin lauyoyi a ƙananan ofisoshi suke farawa, kuma an daɗe ana kokawa a tarukan Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, a kan ɗan abin da ake ba su. A 2023 an fitar da ƙa'idar da ta tsayar da mafi ƙarancin kuɗin da lauya zai caji wanda ya ba shi aiki, sai dai wannan ya shafi kuɗin aiki ne, bai zama albashin ƙaramin lauya kai tsaye ba.

Ribar lauya a hankali take zuwa. Sai ya shekara aƙalla 10 yana aiki kafin ya cancanci neman lambar Babban Lauyan Najeriya, SAN, wadda aka fara bai wa Cif Rotimi Williams da Dokta Nabo Graham-Douglas a 1975. Shekara 10 ɗin ce kuma sharaɗin zama alƙalin Babbar Kotu, 12 a Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 a Kotun Ƙoli. A 2024 an sanya hannu a dokar da ta ƙara albashin alƙalai da kashi 300 cikin ɗari.

Ma'aikacin bankin zuba jari ya fi saurin ganin kuɗi, amma babban kaso na samunsa garaɓasa ce, ita kuma ta dogara ne ga yawan cinikin da aka ƙulla a shekarar. Umarnin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya bayar a watan Maris na 2024 cewa bankuna su ƙara jarinsu, har zuwa naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, ya buɗe wa masu wannan sana'a kasuwa, domin bankuna da dama sun fito sayar da hannun jari. Idan kasuwa ta mutu kuwa, garaɓasa kan ƙafe, a kuma rage ma'aikata. Rushewar Lehman Brothers a watan Satumba na 2008 ta raba dubban mutane da aikinsu.

Lokutan aiki

A nan ne bankin zuba jari ya yi ƙaurin suna. A 2021, wasu sababbin ma'aikata 13 na Goldman Sachs sun bayyana a wani bincike na cikin gida cewa suna aikin kimanin awa 95 a mako, suna barcin awa biyar a dare. Idan aka raba dala 110,000 a kan irin waɗannan awanni na tsawon mako 50, abin da ke fitowa kusan dala 23 ne a awa, kafin a haɗa da garaɓasa. A 2024, bayan rasuwar wani matashin ma'aikaci a wani babban bankin Amurka, JPMorgan ya taƙaita aikin ƙananan ma'aikatansa zuwa awa 80 a mako a mafi yawan lokuta.

Dalilin wannan shi ne ciniki ba ya jira. Idan abokin hulɗa ya sauya shawara da yamma, dole a sake lissafi da takardu kafin gari ya waye.

Lauyan babban ofishi ma bai tsira ba. A Amurka ana sa ran ya kawo kimanin awa 2,000 a shekara da za a caji abokin hulɗa kuɗinsu, kuma ba duk awar da ya yi a ofis ke shiga wannan lissafi ba. Lauyan kotu a Najeriya kuwa jadawalin kotu ke juya shi: zama da ƙarfe tara na safe, tafiye-tafiye tsakanin jihohi, da ɗage shari'a bayan an yini ana jira. Yana samun sarari a hutun kotuna na shekara-shekara, wajejen Agusta. Amma a lokacin ƙararrakin zaɓe, da doka ta ba kwana 21 na shigar da ƙara da kwana 180 na yanke hukunci, dare da rana ɗaya suke a wurinsa.

Yanayin rayuwa

Lauya na iya zama kusa da danginsa, domin duk inda kotu take akwai aiki, daga Sakkwato har Kalaba. Yana iya buɗe ofishinsa, ko ya shiga ma'aikatar shari'a, koyarwa, kamfani ko siyasa. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero na haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci a digiri ɗaya, abin da ke ƙara wa ɗalibi fagen aiki. Sannan sana'a ce da tsufa ke ƙara wa daraja. Alƙalan manyan kotuna sai sun kai shekara 70 suke ritaya.

Wanda ya zaɓi bankin zuba jari kuwa, kusan ya zaɓi zaman Legas ne, da tsadar haya da cunkoson hanya. Da yawa kan yi 'yan shekaru su koma kamfanonin sarrafa jari, sashen kuɗi na manyan kamfanoni, ko hukumomin gwamnati, kuma gogewar da suka samu na da farashi a kasuwa. Masu guje wa kuɗin ruwa na da fagen sukuk da sauran hada-hadar kuɗi marar ruwa, wanda ke bunƙasa tun bayan buɗe Bankin Jaiz a 2012, ko da yake har yanzu ƙaramin yanki ne na kasuwar.

Abin dubawa kafin zaɓi

Kafin matashi ya yanke shawara, ya kamata ya auna abubuwa uku. Na farko, shekara nawa iyalinsa za su iya ɗaukar nauyinsa kafin ya tsaya da ƙafarsa. Na biyu, ko zai iya barin garinsu, ya kuma miƙa dararensa da ranakun hutunsa na wasu shekaru. Na uku, ko hankalinsa ya fi kwanciya da karatu da rubutu da muhawara, ko da lissafi da ciniki. Ya kuma nemi zantawa da wanda ya shekara biyu ko uku a aikin, domin shi ne zai faɗa masa abin da ke shiga aljihu a ƙarshen wata, da ƙarfe nawa ake komawa gida.