Allurar dole a gidan kaso

A 1952 likitocin asibitin Sainte-Anne na birnin Paris suka soma ba masu taɓin hankali maganin Largactil. Yana kwantar da rikicewar ƙwaƙwalwa, yana kuma kwantar da mai gardama. Gidajen kaso ba su jima ba suka gane amfaninsa na biyu.

A Amurka wani ɗan kaso, Walter Harper, ya ƙi irin waɗannan magunguna, aka tilasta masa, ya kai ƙara. A 1990 Kotun Ƙoli ta halatta tilastawar, muddin mutum yana da haɗari kuma maganin zai amfane shi. Ba sai da alƙali ba: kwamitin mutum uku ya wadatar, ɗayansu kuwa mataimakin shugaban gidan ne. Alƙali Stevens ya ƙi amincewa, domin a ganinsa an gauraya lafiyar majinyaci da jin daɗin masu tsaronsa.